Launin da Baba Agogo Bai Gani Ba

"…lafiya lau, ya kwanan gida? Kai! Wa nake gani haka? Angona da kansa, da sassafen nan? Wa ya mutu?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Haka ake tarbar miji, ana tsaye ƙiƙam kamar falwaya, ba durƙuso ba sannu da zuwa?"

"In durƙusa wa wa? Kai da in ka zauna sai an nemo ƙarti biyu su ɗaga ka? Zauna a hankali, bencin nan sabo ne."

Baba Agogo ke nan da jikarsa, 'yar babban ɗansa. Ita ce mai gwajin ido a shagon tabarau da ke manne da shagona, ni kuma tela ne. Tun tana rarrafe suke wannan yaƙi, yana ce mata amarya tana ce masa ango, ban taɓa ganin ranar da ɗaya ya raga wa ɗaya ba. Amma yau na san ba wasa ya kawo shi ba. Ni na ɗauko shi a babur, kuma tun daga ƙofar gida har shago bai ce mini uffan ba, mutumin da ko likita na duba masa haƙori sai ya yi surutu.

Mu 'yan kallon taurari ne, mu 'yan kaɗan, mutanen unguwa suna ce mana mahaukatan bene. Baba ne shugabanmu. Da ya bar gyaran agogo sai ya samo wani ƙaton bututun ruwa, ya sa aka kawo masa madubi daga nesa, ya zauna da 'yan ƙananan kayan aikinsa ya haɗa abin hangen nesa, muka sa masa suna Bututu. A saman benen gidansa yake zaune. Da shi muka ga ramukan wata, muka ga duniyar nan mai zobe. Amma abin da Baba ya fi ƙauna shi ne wani ɗan dusu-dusu a ƙasan taurari ukun nan da ke jere. Hayaƙi muke ce masa, don haka yake, ruwan toka. Duk baƙon da ya hau benen sai Baba ya riƙo kafaɗarsa ya nuna masa shi, yana cewa a nan ake haihuwar taurari.

To jiya da yamma aka sa wani shiri a talabijin kan sararin samaniya, muka taru a falonsa kowa da kofin shayi. Wani bawan Allah mai sanyin murya ya fito, wallahi kamar mai lallashin jariri, ya ce wata rana rana za ta kumbura ta toye duniyar nan ƙurmus. Na ƙware da shayi. Ya ce akwai wani baƙin rami da ko haske ya faɗa ba ya fitowa. Ya ce hasken wasu taurarin ya baro gida tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. Sai salati kake ji ta ko'ina. Duk wannan mun shanye. Sai ga Hayaƙinmu ya cika allon talabijin. Jama'a! Ja, shuɗi, ruwan hoda, ruwan goro, ga kore a gefe, kamar an zazzage kantin atamfa. Muka miƙe tsaye gaba ɗaya muna ihu, ba wanda ya ƙara jin abin da mai sanyin muryar ke cewa.

A nan ne Ganau mai aski ya yi mana aika-aika. Ganau mutum ne da in ka ce ka ga giwa zai ce shi ya yi mata aski. Ya kurɓi shayi ya ce, "To mene ne abin ihu? Ni ai haka nake ganinsa kullum." Duk muka juya muna kallonsa. Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake cirewa, sannan ya tashi ya shige ɗaki ba ko sai da safe. Ni ma ban yi barcin kirki ba, telan da ba ya ganin launi ai ya gama sana'a.

"To me aka zo saya?" in ji jikar, tana goge gilashin kantar shagon. "In haƙora ne ba ma sayarwa, sai layin baya."

"Tabarau nake so."

"Na fuskarka fa? Wanda ka ɗaure wa ƙafa da zaren tela?"

"Wannan na karatu ne. Mai nuna launi nake so."

"Mai nuna me?"

"Launi! Kurma ce ke? Ja, shuɗi, ruwan hoda. Irin wanda kika sayar wa Ganau."

"Ganau bai taɓa sayen ko ƙyallen goge tabarau a shagon nan ba."

"Ƙarya kike yi. Kin ɓoye wa mijinki mai kyau kin ba mai aski. Je ki, na sake ki."

"Alhamdu lillahi! Tela, kai ne shaida. Yau zan kwana da farin ciki. Dama akwai wani saurayi da ke zagaye a nan, shi haƙoransa duk nasa ne."

"Wane mai tsautsayin ne? Ai in ya dawo ki fara gwada masa ido, lalle akwai matsala. Ni ma tausayi ne ya sa na riƙe ki. Ranar da aka haife ki ungozoma sai da ta juya ki sau biyu tana neman inda fuskar take."

"Ai an ce da kai na yi kama."

"Allah ya kiyaye! Ni da ina saurayi in na bi layi, mata agogonsu lafiya lau suke kawowa gyara."

"Don su ga abin dariya kyauta. Ango, ba a sayar da tabarau a nan sai an gwada ido. Ga kujera can bayan labule. Tun ranar da na fara aikin nan nake roƙonka ka hau ta kana ce mini gobe."

"Ni in ba ki idona? Ke da na aike ki sayo allura kika dawo da ƙusa?"

"Lokacin ko makaranta ba a sa ni ba!"

"Har yau ban ga alamar kin canja ba."

Ya faɗi haka, amma bai yi dariyar da ya saba yi a bayan zagi ba. Ya jingine sandarsa a jikin kantar shagon, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ke, saurara. Shekara da shekaru ina jan mutane bene ina nuna musu toka. Ashe kowa lambu yake gani, ni kaɗai nake ganin murhu, suna ce mini masha Allahu don tausayi. In idon nan ya mutu ki gaya mini yau. Tela zai hau ya sauke Bututu a ba masu gwangwan su auna a kilo. Ba zan zauna ina shugabantar masu ido da mataccen ido ba."

Bututu a hannun masu gwangwan! Na ce, "Baba, wallahi ni ma toka nake gani."

"Kai yi mini shiru. Kai da ka ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wa zai kafa shaida da idonka?"

Abin ya ba ni haushi, don kafaɗarsa ce ɗaya ta fi ɗaya, amma na haɗiye. Na ga jikar ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ta kalli tsohon, ta kalli labulen, ta rufe bakin. Ta ƙifta mini ido, ban san na mene ne ba.

"Kash," ta ce. "Ganau yana ganin ruwan hoda kai ba ka gani? Ai abin ya yi nisa. Tashi, kar mu ɓata lokaci."

"Ya yi nisa?"

"Sai na duba. Tela, kama masa hannu."

"Kar ka taɓa ni! Da ƙafata zan je."

Da ƙafarsa ya je kuwa, ya hau kujerar da ya yi shekaru yana zagi. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sai allon haruffa a bango da wata na'ura mai wurin ɗora haɓa. Ta ɗora masa wani ƙaton tabarau na ƙarfe mai ramuka, ta toshe idon hagu.

"Karanta layin sama."

"Wannan ƙaton? Raini ne. Ni da na sa sukurun da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, ina atishawa?"

"To sauko ƙasa."

Ya karanta, ya ƙara saukowa, ya karanta, yana yi yana harararta da ido ɗaya.

"Ba laifi ga mutumin da ya ga kafuwar duniya. Bari mu juya." Ta buɗe hagu ta toshe dama. "Bismillah."

Baba ya matse ido yana leƙen allon.

"Ango?"

"Kin goge gilashin nan kuwa? Ƙazama. Duk maiƙon hannunki ne."

"Yanzu na goge."

"To allon ne ya yi datti. Wane irin shago ne wannan?"

"Layin sama fa?"

"Na gan shi. Ba na son karantawa ne."

Ta yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. Ta ce in shiga shagona in ɗebo zare kala-kala. Na kawo cikin faranti, ta kunna babbar fitila, ta cire masa tabaran ƙarfen.

"Wannan fa?"

"Ja, kamar idonki in an hana ki nama."

"Wannan?"

"Kore."

"Wannan?"

"Ruwan hoda. Kai! Na ga ruwan hoda! To me ya sa ba na ganinsa a sama?"

"Rufe dama da hannunka. Wannan fa?"

"Rawaya-rawaya. Tsohon zare ne, tela ya cuce ki."

Farin zare ne tas, jiya na fasa ledarsa. Na buɗe baki, ta taka mini ƙafa.

Daidai nan muka ji an turo ƙofar shago a hankali. Wani ya yi sallama can ƙasa-ƙasa kamar mai neman aron gishiri. Jikar ta ɗora yatsa a leɓe, ta fita ta ja labulen ta rufe mu. Ta 'yar tsagar labulen na hango Ganau, ya danna hula har gira, yana waige-waige.

"'Yata, ina kwana. Akwai kowa?"

"Sai ni da kayan aiki, Kawu. Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Wani abokina ne ba ya jin daɗin idonsa."

"Ina abokin?"

"Yana da kunya. Ya ce in tambaya, in mutum ya duba abin hangen nesa, ya ga abu ruwan toka, alhali a talabijin an nuna shi ja da shuɗi, makanta ce ta kama shi?"

"Ya danganta. Abokin nan mai aski ne?"

"Ke dai bari. Ni ne. Ban runtsa ba jiya. Tun da nake hawa benen nan ban taɓa ganin komai ba sai toka. Don girman Allah kar kakanki ya ji."

Ban san tsohon nan yana da sauran ƙarfi haka ba. Kafin in kama shi ya diro daga kujera, ya fizge labulen har wani ƙarfe ya ɓalle.

"Ganau!"

Ganau ya yi baya ya buge akwatin tabarau. "Inna lillahi! Shugaba! Me kake yi a nan?"

"Aure na zo ɗaurawa! Kai ba ka ce haka kake ganinsa kullum ba?"

"Shugaba, bakina ne ya riga ni."

"Bakinka ya hana ni barci! Na kwana ina yi wa idona ta'aziyya! Na kusa ba da Bututu a auna a kilo!"

"Bututu? Subhanallahi!"

"Toka kake gani?"

"Toka, Shugaba. Wani lokacin ma tokar ba ta fitowa sai na kalli gefe."

"Tela?"

"Ai na gaya maka, ka ce hannun riga."

Baba ya tsaya tsakiyar shago yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, baki buɗe. "To in duk toka muke gani, uban wa ya shafa wa Hayaƙi fenti a talabijin?"

Jikar tana riƙe da ciki, dariya ta hana ta tsayuwa. Da ƙyar ta ce, "Ba wanda ya shafa. Ai mutumin ya faɗa a cikin shirin. Ni a gida na kalla, ni kaɗai, ba tsofaffi masu ihu a kaina. Kyamara ce ake buɗe wa ido a bar ta tana tara haske tsawon lokaci, kamar an tara bokiti a ƙarƙashin famfo mai ɗiga. Idon mutum ba ya tarawa. In haske ya yi ƙaranci, launi ba ya fitowa, sai toka. Ko shi mai sanyin muryar in ya hau benenku abin da zai gani ke nan."

"Ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"Yaushe?"

"Lokacin da kuke tsalle, ina jin."

Muka kalli juna, mu uku, manya da gemu. Ni dai kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi.

"Tsaya," in ji Baba. Ya nuna ta da yatsa. "Ke kin san haka tun da na shigo?"

"Tun kafin ka zauna a bencina."

"Kika bar ni ina rawar jiki? Kika ce abin ya yi nisa?"

"Da na faɗa da ka hau kujerar?"

"Muguwa! Azzaluma! Tela, ka ga irin matan da ake aura yanzu? Na sake sakinki, a kan na ɗazu."

"Na gode. A haɗa mini da kayan ɗakina."

"Kayan ɗakinki? Kin zo da wani abu ne ban da baki?"

Yanzu kam dariya yake yi, irin tasa mai girgiza kafaɗa. Ya ɗauki sandarsa, ya gyara hula, har ya dafa Ganau ya ce ya yafe masa amma shi zai riƙa ɗaukar kujeru zuwa bene har ƙarshen shekara. Ni ma na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

"Ashe idona garau yake," ya ce. "Ai na san haka. Mutanen talabijin ɗin nan ma ba su san komai ba. Duk surutun da suka yi, ba su ambaci gemun taurari ba."

"Gemun me?" in ji Ganau.

"Ban so in faɗa a gabanka ba, kar gobe ka ce kai ka gano. Tun bara taurari suka fara tsiro gashi. Kowane tauraro ya yi wani gemu-gemu na haske a kewaye. Ni na fara gani a duniya. Jira nake su faɗa a shirin in ce na riga su, sai ga shi ko su ba su lura ba."

"A kawo su in yi musu aski," in ji Ganau.

Na yi dariya. Jikar ba ta yi ba.

"Kaka," ta ce.

Ban taɓa jin ta kira shi haka ba. Shi ma ya juyo a hankali kamar wanda aka kira da sunan wani.

"Da wane ido kake duba Bututu?"

"Hagu. Da shi na yi gyaran agogo duk rayuwata."

"Fitilar mota in ta haske ka, ita ma tana yin gemun?"

"Ita ai ta fi kowa. Direbobin yanzu ba su da tarbiyya."

"Fitilar titi fa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa.

"Dawo ka zauna."

"Ai an gama."

"Ba a gama ba. Dawo ka zauna, don Allah."

Wannan karon bai ce kar a taɓa shi ba. Ni na riƙe shi har kujera. Ta kashe babbar fitila, ta sa ya ɗora haɓa a na'urar, ta haska wani siririn haske cikin idon. Ta daɗe tana dubawa. Ganau ya cire hularsa yana murɗa ta a hannu. Ni kuwa har ƙarar fankar shagona nake ji ta bango.

Ta kunna fitila. "Yanar ido ce. Ta rufe hagu sosai, ta fara taɓa dama. Taurari ba su tsiro komai ba, Kaka. Gemun a cikin idonka yake."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ganau.

Baba bai motsa ba. Ya ɗaga hannu ya rufe idon dama, ya kalli allon haruffa, ya kalli fitila, ya kalle ni. Ya sauke hannun a hankali.

"Ashe dai ya mutu."

"Bai mutu ba. Ana cirewa. Aiki ne da ake yi kullum a asibitin ido, da safe a yi, da yamma kana gida kana zagin mutane."

"Da wuƙa?"

"Ƙarama. Ba za ka ji ba."

"Wuƙa a idona? Ni? Ki bar ni da gemuna. Na saba da shi, yana ma yi wa taurarin kyau."

"In ka bar shi, baɗi ko tokar ba za ka gani ba."

"To in suka ɓata fa? Na san masu gyara. Ni ma mai gyara ne. Akwai agogon da aka kawo mini yana tafiya a hankali, na buɗe shi, bai ƙara tafiya ba har yau."

Ba ta yi masa ƙarya ba, wannan na yaba mata. Ta durƙusa a gaban kujerar, ita da ta ce ba ta durƙusa wa kowa, ta riƙe gwiwarsa.

"Ba aikin da ba shi da kasada. Amma mutanen da na tura suka dawo suna gani sun fi gashin kanka yawa."

"Kaina ai sanƙo ne."

"Shi ya sa na tabbata."

Wani ɗan sauti ya fito masa ta hanci, bai kai dariya ba. "In an cire, zan ga ruwan hodar?"

"A'a. Tokar dai za ka gani. Amma za ka gan ta tas, da 'yan taurarin da ke cikinta, ba gemu."

"Duk wannan wahala don toka."

"Tokarka ce, kai ka ɗora wa kanka. Ni zan kai ka, ni zan zauna a bakin ƙofa, ni zan riƙa ɗiga maka magani. Kuma in ka yi mini gardama, ga tela ga Kawu, za su ɗaure ka a babur."

"Da wace hujja? Na sake ki har sau biyu yau."

"Ban karɓa ba. Wa zai kwashi tsoho mai ido ɗaya in ba ni ba?"

Ganau ya buɗe baki, na san cewa zai yi shi ma an taɓa yi masa aikin, na harare shi ya rufe. Can Baba ya miƙa hannu ya kama haɓar jikarsa, ya juyo da fuskarta wajen fitila.

"Tsaya haka. Kar ki motsa."

"Me kuma?"

"Na ce kar ki motsa. Bari in kalle ki da kyau tun kafin su taɓa shi. Ba a sani ba."

Ta tsaya. Yarinyar nan da ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba, ta tsaya shiru a durƙushe, hawaye na bin kumatunta, tsoho yana bin fuskarta da kallo tun daga goshi har haɓa, kamar yadda yake duba cikin agogo. Ni na juya ina tattara zarena a faranti, don idona ni ma ya cika.

"Kai," in ji Baba a ƙarshe. "Har ta cikin yanar, munin nan na fitowa. In aka wanke idon ban san yadda zan yi da ke ba."

Ta fashe da dariya tana share hanci da bayan hannu. Shi ma ya kama, har da tari.

"Kin ci," ya ce. "Je ki gaya wa mai wuƙar ya sa mana rana."